Yadda unguwa za ta kafa shirin shara da ƙaramar hukuma za ta sa wa hannu

Yawancin yunƙurin tsabtace unguwa da ranar shara yake farawa, kuma da ita yake mutuwa. A fito da tsintsiya da shebur da manjagara, a yashe kwata, a jibge dagwalon a bakin hanya, a ɗauki hotuna. Motar da za ta kwashe ba ta zuwa, domin ba wanda ya yi magana da masu motar tun farko. Ruwan sama ya sauka, ya mayar da komai cikin kwatar da aka ciro shi. Karo na biyu da za a kira jama'a, rabinsu ba za su fito ba, kuma suna da gaskiya.

Don haka a ajiye tsintsiyar tukuna. Ita ce ta ƙarshe a jerin aikin.

Ku fara sanin abin da kuke zubarwa

Ku zaɓi gidaje 20 zuwa 30 da suka haɗa manya da ƙanana, masu hali da marasa hali, har da shago ɗaya ko biyu. Kowane gida a ba shi buhu biyu: ɗaya na abin da ke ruɓewa, kamar ɓawon kayan lambu da ragowar abinci da ganyen bishiya, ɗaya kuma na busasshen kaya, wato leda da roba da gwangwani da kwalba da kwali. A riƙa karɓa kullum na tsawon kwana takwas, ana ɗorawa a sikeli, ana rubutawa a littafi guda. Awon ranar farko a jefar da shi, domin mutane kan haɗo da tsohuwar sharar da ta kwana biyu a lungu, sai lissafin ya kumbura. Mai rarraba kayan ya sa safar hannu mai kauri, saboda reza da allura da fasasshiyar kwalba ba sa sanarwa.

Abin da za ku tarar yakan ba mutane mamaki. Rahoton da Bankin Duniya ya fitar a 2018 ya ce duniya ta samar da tan biliyan 2.01 na sharar birane a 2016, kuma kashi 44 cikin 100 nata ragowar abinci ne da ganye. Ke nan kusan rabin abin da ake biyan mota ta ɗauka abu ne da zai iya zama taki a cikin unguwar. Leda ce ke tsone ido, amma nauyin yana wurin jiƙaƙƙiyar shara.

Bayan awo, mutum biyu su bi sharar har inda take ƙarewa. Wa ke ɗauka, a baro ko a mota, ina yake juyewa, ana ƙonawa ko ana binnewa? Idan ba ku san wannan ba, za ku iya shekara kuna raba shara gida-gida alhali a juji ɗaya ake haɗe ta.

Ku nemo teburin da ya dace

Kwashe shara da kula da magudanan ruwa, a mafi yawan ƙasashe, aikin ƙaramar hukuma ne ko hukumar birni. Tun a taron muhalli na Rio de Janeiro a 1992, babi na 28 na kundin da ake kira Ajanda 21 ya nemi ƙananan hukumomi su zauna da al'ummominsu su tsara shirin kare muhalli na yankinsu, ya ma sa 1996 a matsayin wa'adi. Saboda haka ba alfarma kuke nema ba in kun ƙwanƙwasa ƙofa.

Sai dai kada ku nufi ofishin shugaba kai tsaye. Zai karɓe ku da fara'a, ya yi alkawari, takardarku ta kwanta a fayil. Ku nemi jami'in lafiyar muhalli, wato duba-gari, da wanda ke tsara zirga-zirgar motocin shara, sannan kansilan mazaɓarku. Waɗannan ne suka san mota nawa ke tashi da nawa ke kwance a gareji. Ku tambayi abu uku: dokar shara da ke aiki a yankin, watan da ake rubuta kasafin kuɗi, da ko akwai filin hukuma da ba a amfani da shi kusa da ku. Maganar kasafi tana da muhimmanci ƙwarai, domin buƙatar da ta iso bayan an rufe shi sai ta jira wata shekarar, komai kyawunta.

Ku je da littafin awonku. Jami'in da aka ce wa "unguwarmu ta yi datti" ya ji irin wannan sau ɗari. Wanda aka ce wa "muna fitar da kilo kaza a mako, za mu riƙe rabi mu yi taki, ragowar muke so a kwashe ranar kaza" ya ga an rage masa tafiyar mota da kuɗin mai, kuma zai gyara zama.

A rubuta, a sa hannu

Shafi ɗaya ya isa. A ciki a faɗi abin da ke kan unguwa: raba shara gida biyu, kai ta matattara, kula da wurin taki. A faɗi abin da ke kan hukuma: ranar da mota ke zuwa, izinin amfani da fili, da wanda za a kira idan ba ta zo ba. A rubuta da sunan ofis, kada a rubuta da sunan mutumin da ke kan kujera, a buga hatimi, kowane ɓangare ya riƙe kwafi.

A nan ne ake yin babban zalunci ba da niyya ba. Kafin ku zo, akwai masu tsince roba da ƙarfe da kwali suna sayarwa, da masu tura baro gida-gida, kuma da wannan suke ci da iyalansu. Shirin da ya kore su ya ƙwace musu sana'a, sannan ya rasa mutanen da suka fi kowa sanin wane kaya ke da kasuwa. A birnin Pune na Indiya, hukumar birni ta ƙulla yarjejeniya a 2008 da ƙungiyar masu tsince shara mai suna SWaCH, suka zama su ne masu karɓar shara ƙofa-ƙofa, gidaje na biyan su kai tsaye. Ku kira masu wannan sana'a na unguwarku su halarci zaman farko, a sa su cikin takardar.

Tulin taki

Wannan shi ne sashen da shirin ke tsayawa ko ya faɗi a kansa, domin tulin da ya yi wari sau ɗaya ya jawo muku gaba da maƙwabta.

A zaɓi wuri mai inuwa, wanda ruwa ba ya kwanciya, nesa da rijiya. Tulin ya kai kamar mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi. In ya gaza haka ba ya riƙe zafi. A fara shimfiɗa ƙirare da kara a ƙasa don iska ta samu hanyar shiga. Daga nan a riƙa jerawa hawa-hawa: busasshen kaya, irin su busasshen ganye da dusar katako da yagaggen kwali, kashi biyu zuwa uku, ɗanyen kaya, wato ɓawon kayan lambu da ragowar abinci, kashi ɗaya. Kowane zubi na ɗanye a rufe shi da busasshe nan take, shi ke hana ƙuda. Nama da ƙashi da maiƙo da kashin kare ko na kyanwa ba sa shiga.

Danshi kuwa hannu ke gwada shi. Ka damƙi cikin hannu daga tsakiyar tulin ka matse. In ɗigo ɗaya ko biyu ya fito, daidai ne. In ruwa ya tsiyayo ta tsakanin yatsu, ya yi yawa, a ƙara busasshe. In ya warwatse da ka buɗe hannu, a yayyafa ruwa. Hanci ma yana aiki: warin ruɓaɓɓen ƙwai na nufin tulin ya jiƙe ya rasa iska, wari mai hawa kai irin na fitsari kuma na nufin ɗanye ya rinjayi busasshe.

Cikin kwana uku zuwa biyar tsakiyar za ta ɗau zafi. Ana so ta kai digiri 55 zuwa 65 a ma'aunin Salsiyos, zafin da ke kashe yawancin ƙwayoyin cuta da irin ciyawa. In babu ma'auni, a soka rodi a bar shi minti goma. In an zaro shi ya yi zafin da riƙe shi ke da wuya, aiki na tafiya. A juya tulin duk mako ko mako biyu, na gefe ya koma tsakiya. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya yi laushi, ya riƙa ƙamshin ƙasar da ruwa ya taɓa. A tankaɗe, a ba masu lambu da masu dashen itatuwa, ko a sayar a biya mai kula da wurin. Lalle a biya shi. Juya tuli aiki ne na gumi, kuma sa kai ba ya wuce 'yan watanni.

Amfanin bai tsaya ga taki ba. Jiƙaƙƙiyar shara da aka danne a juji ba iska tana fitar da iskar mitan, mai kama wuta kuma mai ɗumama duniya, sannan tsibin kansa haɗari ne: a watan Maris na 2017 jujin Koshe da ke Addis Ababa ya zaftare ya kashe fiye da mutum 100.

Doka da tukwici

Elinor Ostrom, wadda ta samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, ta nazarci al'ummomin da suka daɗe suna riƙe da dazuzzuka da ruwan ban-ruwa na tarayya ba su lalata su ba. Cikin abubuwan da ta ga sun haɗa su akwai cewa masu amfani da abin su ke sa dokar, su ke sa ido, kuma hukunci yana hawa mataki-mataki. Haka ya kamata a yi a nan. Wanda ya juye shara a kwata a fara yi masa magana a keɓe, na biyu gargaɗi a gaban kwamiti, na uku a miƙa shi ga duba-gari, tun da hukuma ce ke da ikon cin tara. Ƙona leda ma a hana, hayaƙinta guba ne ga huhu.

Tukwici yana jan mutane fiye da barazana. Birnin Curitiba na Brazil ya fara a 1991 wani shiri da mazauna unguwannin talakawa ke kai kilo huɗu na kayan da ake sake sarrafawa a ba su kilo ɗaya na kayan lambu. Ku ba sai kun kai haka ba; buhun taki kyauta ga gidan da ya fi raba shararsa da kyau ya wadatar.

Yanzu ne lokacin tsintsiya ya yi. A sa ranar aikin gayya ta dace da ranar zuwan mota, kuma a yi ta kafin saukar ruwa, domin leda a magudana ba ƙaramin abu ba ne: toshe magudanai lokacin ambaliya na cikin dalilan da suka sa Bangladesh ta haramta siririyar leda a 2002. Rana tsayayya ta fi kiran gaggawa. Ruwanda ta tsayar da Asabar ta ƙarshen kowane wata don irin wannan aiki, kowa ya san da ita tun kafin ta zo.

Duk bayan wata uku a sake awon nan na kwana takwas, a rubuta rabin shafi: kilo nawa ya zama taki, nawa aka sayar, sau nawa mota ta zo, sau nawa ta saɓa. Kwafi ɗaya a liƙa inda jama'a ke gani, ɗaya a kai ofis a karɓo shaidar an karɓa. Idan zaɓe ya kawo sababbin shugabanni, ku je musu a watan farko da yarjejeniyar da waɗannan rahotanni a hannu, ku nemi a sabunta sa hannun kafin a fara rubuta kasafin shekara mai zuwa.