Yadda Ake Ba Mutum Zaɓi Cikin Ladabi da Turanci

Mai aiki a otal, ko sakatariyar da ke tsara wa oga ganawa, da wuya ya wuni bai tambayi wani "wannan ko wancan?" ba. A nahawu babu laifi a ce "Do you want tea or coffee?", sai dai a kunnen baƙo tana da kaushi, kamar ana so ya yi maza ya ba da wuri. Ga yadda ake tausasa ta.

Da farko, ka ajiye "do you want" ka ɗauki "would you like". Sai ka ce: "Would you like tea or coffee?" Ka kula, "would" ne, ba "will" ba. Ana yawan jin "Will you like" a bakin mutanenmu, amma ba haka masu harshen ke yin tayi ba. Idan aiki ne za a zaɓa, sai "to" ta biyo baya: "Would you like to pay in cash or by transfer?"

Na biyu, in kana son jin wanda ya fi kwanta masa a rai, akwai "prefer" da "rather", kuma nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe. "Prefer" tana karɓar suna kai tsaye, tana kuma karɓar "to" kafin aikatau: "Would you prefer to wait or come back later?" Ita kuwa "rather" ba ta shiri da "to" sam. "Would you rather wait or come back later?" ita ce daidai. Da ka ce "rather to wait", ka ɓata miyar.

Na uku shi ne murya, kuma a ganina ya fi sauran muhimmanci, ko da yake an fi sakaci da shi a aji. Ka ɗaga murya a kan zaɓin farko, ka sauke ta a kan na ƙarshe: "tea" sama, "coffee" ƙasa. Saukar nan ce ke gaya wa mai sauraro cewa zaɓin ya ƙare, ya ɗauki ɗaya. Idan ka bar muryar a sama har ƙarshe, tambayar ta koma ta e ko a'a, wato ko yana son abin sha ma. Sai ya ce maka "Yes, please", ka tsaya riƙe da buta kana zare ido. In abubuwan uku ne, biyun farko sama, na ƙarshe ƙasa. Ka gwada da ƙarfi, ka naɗi muryarka a waya ka saurara.

Idan da kai za a yi abin, "shall we" ta fi dacewa: "Shall we meet on Monday or Tuesday?" Idan kuma kayan suna gabansa a jere, "Which would you prefer?" ta wadatar. Ana amfani da "which" ne saboda zaɓin ƙayyadadde ne.

In kai aka tambaya, kada ka ce "yes". Ka ambaci abin: "Tea, please." Idan duk ɗaya ne a wurinka, "Either is fine." Idan ba ka son ko ɗaya, "Neither, thank you."