Yadda ake ƙara wa injin mota ƙarfin ja ba tare da kashe kuɗi da yawa ba

Mai Corolla da ke jigila tsakanin Damagaram da Magariya da kaya fal a but ba gudun tsere yake nema ba. Abin da yake so shi ne motar ta ja tun daga ƙasa, kar ta riƙa nishi a giya ta uku. Maganin wannan shi ne a tsawaita tafiyar fistan a cikin silinda, domin kowane bugu ya ɗebi iska da mai fiye da da.

Fara da lissafi. Injin Toyota 4A-FE, wanda ke cikin tsofaffin Corolla da yawa, yana da faɗin silinda milimita 81, tafiyar fistan 77, cikinsa cc 1587. Ɗan'uwansa 7A-FE, wanda ake samu a Carina E, faɗinsu ɗaya, amma tafiyarsa 85.5 ce, cikinsa 1762. Milimita 8.5 ɗin nan su ne duk sirrin.

Sai sayayya, kuma nan ake tafka asara. Wasu sukan sayi kiranshaf na 7A kaɗai, wato ƙarfen da fistan ke juyawa, su ce za su cusa shi cikin gangar 4A, wato jikin injin da silinda ke ciki. Fistan zai leƙo sama da inda ya kamata, sai ka koma neman fistan na musamman da wasu sanduna masu haɗa fistan da kiranshaf, kuɗin ya ninka. Sayi ƙasan 7A gaba ɗaya: ganga, kiranshaf, sanduna da fistan. Idan ba ka samu a gari ba, a duba Ƙofar Ruwa a Kano. Haɗa da bel ɗin taimin na 7A, don gangarsa ta fi tsayi, na 4A ba zai kai ba. Ƙwaƙwalwar injin ma, wato kwamfutar da ke sarrafa shi, a nemo ta 7A.

Kafin ka biya, sa farce ka bi wuyan kiranshaf. In farcen ya maƙale a wani zane, sai an kai shi wurin masu gogewa, ko ka bar wa mai sayarwa kayansa.

Ringi, metal da gasket kuwa sababbi za ka sa. Kowa ya yi rowa a nan zai kwance injin sau biyu.

Wajen haɗawa, a wanke komai, a rufe da tsumma mai tsabta, musamman lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina. A ɗaure kusoshin kan inji da sifana mai awo, daga tsakiya zuwa gefe. Bayan an sa bel, juya injin da hannu zagaye biyu. Ka ji ya cije? Tsaya, kada ka taɓa makulli.

Zafin Afrilu a nan yakan haura digiri 40, saboda haka a wanke lagireto, a gwada fanka, a canza matatar iska.

Kilomita 1000 na farko a bi shi a hankali, ba lodi mai nauyi, ba taka totur har ƙasa, sannan a juye baƙin mai a sa sabo tare da filta.