Kurakuran da Manajojin Mawaƙan Rock na Farko Suka Tafka a Birtaniya, da Hanyar Kauce Musu

Ranar 9 ga Nuwamba 1961 Brian Epstein, ɗan shekara 27 mai kula da sashen faifai a kantin gidansu da ke Liverpool, ya gangara kulob ɗin Cavern ya kalli ƙungiyar mawaƙa ta Beatles, wadda ba da jimawa ba ya zama manajanta. Samari huɗu ya tarar cikin rigunan fata, suna cin abinci a kan dandamali, suna busa taba, suna katse waƙa a tsakiya don su yi raha da 'yan kallo. Kafin shekara biyu Birtaniya duka ta san su. A cikin waɗannan shekarun kuma aka sa hannu a takardun da suka raba su da dukiya mai yawa. Iya tallata mawaƙi daban, iya karanta kwantiragi daban, kuma yawancin ɓarnar wancan zamani ta faru ne saboda wanda ya iya na farko ya ɗauka ya iya na biyun.

Dogaro da alkawarin baki

Giorgio Gomelsky ne ya ba ƙungiyar Rolling Stones wurin kiɗa duk ranar Lahadi a kulob ɗin Crawdaddy da ke Richmond, ya tara musu jama'a, amma bai riƙe takarda ko ɗaya ba. A 1963 ya tafi jana'izar mahaifinsa, ya dawo ya iske Andrew Loog Oldham, yaro ɗan shekara 19, da abokin aikinsa Eric Easton sun sa su sun rattaba hannu. Maganin wannan mai sauƙi ne: a rubuta tun kafin kuɗi su fara shigowa, lokacin da babu abin faɗa. Takardar ta faɗi shekara nawa za a yi, kamasho nawa, daga waɗanne kuɗi za a cire shi, da yadda kowane ɓangare zai iya fita.

Ɗora wa ƙungiya kamannin da ba nata ba

Epstein ya sa wa Beatles kwat iri ɗaya, ya hana ashar da taba a kan dandamali, ya tsara jerin waƙoƙi kafin a hau, ya koya musu rusunawa tare bayan kiɗa. Ya yi daidai, domin manyan zauruka da gidan talabijin yake nema musu, kuma can ba a karɓar mai rigar fata. Kuskuren yana wurin masu kwaikwayo. Oldham ma da farko ya sa wa Stones jaket iri ɗaya don fitowa a talabijin, sai ya ga abin bai zauna musu ba, ya juya ya tallata su a matsayin yaran da iyaye ke tsoro, kishiyar Beatles. Manaja Pete Meaden kuwa a 1964 ya canza wa ƙungiyar The Who suna zuwa High Numbers, ya rubuta musu baitoci da kansa, faifan bai yi kasuwa ba, suka koma sunansu. Manaja ya fara zama cikin 'yan kallo ya ga abin da ke sa su ihu, sannan ya ƙara wa wannan abin gishiri.

Karɓar kowane farashi don murnar an samu kamfani

Nan babbar asara take. Kamfanin Decca ya gwada Beatles ranar 1 ga Janairu 1962 ya ƙi su, wasu ma suka ƙi. Da George Martin na Parlophone, reshen kamfanin faifai na EMI, ya amince, Epstein ba shi da ƙarfin ciniki. Aka yanka musu kwabo ɗaya a kan kowane ƙaramin faifai da aka sayar, su huɗu su raba, rabin haka kuma idan a ƙasar waje ne. Wanda ya san tsohon kuɗi ya san lissafin: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya, wato kwabo 240 a fam. Faifai miliyan ɗaya ke nan ya kawo kimanin fam 4,167. A cire kamashon manaja, wanda ya kai kashi 25 cikin ɗari a matakinsa na sama, kowane mawaƙi ya tashi da ƙasa da fam 800, alhali ana sayar da faifan sama da sule shida a kanti.

Ba laifi ba ne sabon mawaƙi ya fara da ƙaramin kaso. Laifin shi ne rashin sharaɗin da zai ɗaga kason da kansa idan ciniki ya haura wani adadi, da kuma bar wa kamfani shi kaɗai ikon sabunta kwantiragi shekara bayan shekara. A rubuta matakai: daga kwafi kaza zuwa kaza kaso kaza, in an wuce ya ƙaru.

Oldham da Easton sun bi wata hanyar da ta fi. Suka kafa kamfaninsu, Impact Sound, suka biya kuɗin situdiyo da kansu, suka riƙe asalin tef ɗin da aka naɗa, Decca haya kawai take karɓa. Mai asalin tef shi ne mai faifai. Sai dai a lura, kamfanin na manajojin ne, ba na mawaƙan ba, kuma wannan ya dawo ya ciji Stones daga baya. The Who su ma sun ɗanɗana: manajojinsu Kit Lambert da Chris Stamp sun ɗaure su da furodusa Shel Talmy, da suka nemi ɓallewa a 1966 aka je kotu, aka sasanta a kan zai ci gaba da karɓar kashi 5 cikin ɗari na faifansu har shekara biyar, ko da bai taɓa aikin ba.

Mantawa da cewa waƙar kanta dukiya ce

Faifai abu ɗaya ne, baiti da karin waƙa wani abu ne, kowanne da haƙƙin mallakarsa. A 1963 aka kafa kamfanin Northern Songs don riƙe waƙoƙin John Lennon da Paul McCartney, manyan marubutan waƙoƙin Beatles. Mai tallata waƙa Dick James da abokin kasuwancinsa suka ɗauki kusan rabi, marubutan biyu kashi 20 kowanne, kamfanin Epstein kashi 10. A 1965 aka sa kamfanin a kasuwar hannun jari, a 1969 James ya sayar wa kamfanin talabijin na ATV nasa kason ba tare da ya fara tayin su ba, a 1985 kuma Michael Jackson ya saye sashen waƙoƙi na ATV ɗin a kan dala miliyan 47.5. Abin takaici ne mutum ya rubuta waƙa a ɗakinsa ya wayi gari ba shi da ta cewa a kanta. Marubuci ya riƙe rinjaye a kamfanin da ke riƙe waƙoƙinsa. Mai tallata waƙa a ba shi kaso na shekaru ƙayyadaddu, kuma a rubuta cewa duk mai son sayar da hannun jarinsa sai ya fara tayin marubutan.

Raina ƙananan kaya

Riguna, hular gashi, 'yar tsana, hotuna: Epstein ya ɗauke su ƙaramin abu, ya miƙa wa lauyansa David Jacobs. Lauyan ya ba Nicky Byrne lasisi, kamfanin Byrne mai suna Seltaeb ya ɗauki kashi 90, ɓangaren Beatles kashi 10. Da Amurka ta buɗe a 1964 aka ga girman kasuwar. An ɗaga kason ɓangaren Beatles zuwa 46 a watan Agusta na shekarar, amma shari'a ta biyo baya, manyan kantuna suka soke oda don ba su san lasisin wa ke da inganci ba. Lasisi a ba da shi ƙasa ɗaya, kaya iri ɗaya, na ɗan lokaci, kuma a riƙe rajista guda ta duk wanda aka ba.

Barin kuɗi su bi ta aljihu ɗaya

Manaja Don Arden yana ba 'yan ƙungiyar Small Faces fam 20 kowanne a mako da damar ɗaukar tufafi bashi a titin Carnaby, alhali waƙoƙinsu na kan gaba a kasuwa. A 1965 Allen Klein, ɗan kasuwar Amurka, ya ciyo wa Stones kafin alƙalami na dala miliyan 1.25 daga Decca, kuɗin suka shiga wani kamfani na Amurka da ke hannunsa, kuma har yau kamfaninsa ABKCO ne ke da faifansu na shekarun 1960. Ko a cikin ƙungiya ɓoye-ɓoye na kashe zumunci: da sauran Stones suka gano ana ba ɗan ƙungiyarsu Brian Jones ƙarin fam 5 a mako a matsayin shugaba, girmansa ya zube a idonsu. Kuɗi su shiga asusu mai sunan ƙungiyar, manaja ya karɓi kamashonsa daga can. Akanta da lauyan mawaƙa kada su zama na manaja, kuma kowane mamba ya ga lissafi duk wata uku.

Epstein ya rasu ranar 27 ga Agusta 1967 yana da shekara 32, babu wani cikin 'yan Beatles huɗun da ya san inda takardu suka dosa. Uku suka zaɓi Klein ya zama sabon manaja, McCartney ya so surukinsa Lee Eastman, rigimar ta kai shi kotu a Disamba 1970 yana neman a raba haɗin gwiwar. Kwantiragin manaja ya kamata ya faɗi wanda zai riƙe aiki idan ya mutu ko ya kwanta ciwo, da yawan ƙuri'un da ake bukata kafin a naɗa sabo, kuma kowane mamba ya ajiye kwafin duk takardar da ya sa wa hannu.