Yadda Ake Ɓarar da Jifan Kyauta da Gangan a Wasan Ƙwallon Kwando

Jifan kyauta, wanda ake bai wa ɗan wasa idan an yi masa keta, maki ɗaya ne ba tare da mai tsaro a gabansa ba, saboda haka a mafi yawan lokutan wasa babu wani dalilin ɓarar da shi. Dabarar kuskurewa da gangan tana da amfani ne kawai a sakan na ƙarshe, kuma sai an bi wasu matakai kafin ta biya.

Matakin farko shi ne lissafi, kuma a nan ne aikin yake. A duba tazarar maki, da lokacin da ya rage, da kuma ko abokan hamayya suna da sauran damar neman hutun tuntuɓa. Idan ana bin ƙungiyarku maki 2, jifa ɗaya ya rage muku, lokaci kuma bai wuce sakan 4 ko 5 ba, to shigar da ƙwallon ba zai hana ku faɗuwa ba, domin za ta koma hannun abokan hamayya alhali har yanzu suna gaba da maki 1. A irin wannan hali kuskurewa ta zama dole. Haka Luka Dončić, wanda a lokacin yake buga wa Dallas Mavericks, ya yi a ranar 27 ga Disamba 2022 a karawarsu da New York Knicks: saura sakan 4.2 ya ɓarar da na biyu cikin jifan kyauta biyu da aka ba shi, ƙwallon ta dawo hannunsa bayan 'yan wasa sun yi rububinta, ya jefa ta shiga aka yi kunnen doki, sannan Dallas ta yi nasara da 126 da 121 a ƙarin lokaci.

Idan ku ne a gaba, lamarin ya fi sarƙaƙiya. Amfanin kuskurewa shi ne agogo yana fara tafiya da zarar wani ya taɓa ƙwallon, sai abokin hamayya ya tsinci kansa a ƙarƙashin nasa kwandon, babu damar tsara hari. A wasan ƙarshe na gasar jami'o'in Amurka a 2010, Duke tana gaban Butler da 61 da 59, saura sakan 3.6, sai Brian Zoubek na Duke ya ɓarar da jifansa na biyu bisa umarnin kocinsu Mike Krzyzewski, ganin cewa Butler ba ta da sauran hutu. Gordon Hayward na Butler ya cafe ƙwallon, ya kai tsakiyar fili ya wurga ta, ta bugi allo da bakin kwando ta fito. Da ta shiga, da Butler ce ta ɗauki kofin. A ganina wannan kasada ce da ta yi yawa, domin da tazarar ta kai maki 3, mafi munin abin da zai faru shi ne ƙarin lokaci. Inda dabarar ta fi dacewa shi ne kuna gaba da maki 1 kuma saura sakan 1 ko 2, tun da ko an shigar da jifan, jifa mai maki 3 zai iya kayar da ku.

Mataki na biyu shi ne kiyaye doka. Dokokin NBA, gasar ƙwararru ta Amurka, da na FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, duka sun wajabta ƙwallon ta taɓa zoben kwando, idan kuwa allo kaɗai ta buga ko ta wuce a iska, alƙalin wasa zai miƙa ta ga abokan hamayya su jefo daga gefe, agogo yana tsaye. Haka kuma mai jifa ba zai tsallake layi ba sai ƙwallon ta isa kwando.

Sai tsara 'yan wasa. Masu tsaro uku ne ke tsayawa a gefen layin, biyu daga cikinsu a wuraren da suka fi kusa da kwando, ku kuma biyu kaɗai aka yarje muku, don haka tun farko rinjaye yana wajensu. Koci ya shigo da dogayen 'yan wasansa kafin jifan ƙarshe, a kuma amince da wata alama da za ta nuna ɓangaren da ƙwallon za ta faɗa. Ba lallai ne dogon ya cafe ta ba, ya isa ya mare ta zuwa baya inda gwanin jifa yake jira.

Game da jifan kansa, hanya biyu ake bi. Ko dai a wurga ƙwallon da ƙarfi a miƙe zuwa gaban zobe domin ta dawo da sauri wajen mai jifa, ko kuma a cilla ta sama sosai zuwa gefe ɗaya na zoben domin ta yi tsalle ta bai wa dogaye lokacin kutsawa. Ta farkon ta fi dacewa da wanda ke neman ƙwallon ta dawo masa, amma ita ce ta fi saurin kauce wa zobe baki ɗaya. Yana da kyau mai jifa ya saki ƙwallon da wuri, da zarar alƙali ya miƙa masa, kafin masu tsaro su daidaita ƙafafunsu.

Duk wannan sai an gwada shi a wajen atisaye, domin hannun da ya shekara yana koyon shigar da ƙwallo yakan shigar da ita ko da mai shi bai so ba. A ware 'yan mintoci a ƙarshen atisaye, a kunna agogo a kan sakan 3, a jera masu tsaro uku, a maimaita har kowa ya san inda zai nufa.