Yadda Za Ka Jona Monita Biyu Ko Fiye Da Laftof Ɗinka

Wani ƙanena da ke haɗa bidiyon bukukuwa ya kira ni kwanakin baya ransa a ɓace. Ya sayo monita biyu na hannu, ya haɗo da wani ɗan akwati mai kafar HDMI ɗaya ta shiga, biyu na fita, mai shagon ya tabbatar masa cewa shi ke nan magana ta ƙare. Da ya jona, monitocin suka kawo tas, amma abu ɗaya suke nunawa, kamar an ajiye madubi biyu. Shi kuwa so yake ya ajiye layin tacewa a wannan allo, bidiyon yana gudana a wancan. Na tausaya masa, domin kuɗi ne ya fita, kuma da ya san abu biyu game da laftof ɗinsa da bai yi wannan asara ba. Saboda haka kada ka fara da kasuwa. Fara da laftof ɗin da ke gabanka.

Juya shi ka duba gefe da gefe, da baya, ka ga irin kafofin da yake da su. HDMI ita ce wadda kowa ya sani, irin ta bayan talabijin. VGA ita ce tsohuwar nan, galibi shuɗiya, mai ƙananan ramuka 15, hoto kawai take ɗauka ban da sauti. DisplayPort tana kama da HDMI, har mutane kan yi ta tura wayar HDMI ciki ta ƙi shiga, amma idan ka lura kusurwa ɗaya ce kawai a yanke. Laftof ɗin ofis na hannu da suka cika kasuwanninmu suna da kyau ta wannan fanni: HP EliteBook 840 G3 yana da VGA da DisplayPort, Dell Latitude E5470 yana da HDMI da VGA. Mai irin waɗannan ya huta, monita ɗaya a kowace kafa, ba sai ya sayi komai ba bayan wayoyi.

USB-C ce ke rikita mutane, don haka bari na ɗan tsaya a kanta. Siffarta ɗaya ce a ko'ina, amma aikinta ba ɗaya ba ne. Wata caji da tura fayil kawai take yi, ko ka shekara kana jona monita ba za ta kawo hoto ba. Duba ɗan zanen da ke kusa da ita. Idan ka ga alamar walƙiya mai kan kibiya, Thunderbolt ce, ita ce gaba da kowace. Thunderbolt 4 an wajabta mata ɗaukar monita biyu masu 4K, wato masu hoto mai tsananin fitowa tas. Idan ka ga alama mai kama da harafin D da P a haɗe, tana fitar da hoto ta tsarin DisplayPort. Idan babu alamar komai, ɗaga laftof ɗin ka karanta lambar samfurinsa a ƙasa, ka nemi bayaninsa a shafin kamfanin da ya ƙera shi. Minti biyar ne, amma zai hana ka sayen abin da ba zai yi maka aiki ba.

Abu na biyu shi ne sanin adadin allon da injin hoton laftof ɗin zai iya ɗauka, domin yawan kafofi ba shi ne yawan monita ba. Yawancin laftof masu injin hoto na Intel daga ƙarni (wato zubin ƙira, generation) na 3 zuwa na 10 allo uku suke iya sarrafawa, kuma allon jikin laftof ɗin yana cikin lissafi. Ke nan monita biyu ne naka idan murfin yana buɗe. Daga ƙarni na 11, masu Iris Xe, suna kai allo huɗu. Masu MacBook su ƙara lura: MacBook Air mai M1 da ya fito a 2020, da mai M2, monita ɗaya tak suke ɗauka kai tsaye. Mai M3 yana ɗaukar biyu amma sai an rufe murfinsa.

Da ka san waɗannan biyun, sai zaɓen hanya. Idan kana da kafofi biyu masu fitar da hoto, an gama, sai dai wataƙila ka nemi ɗan mahaɗi idan kafar monita ta bambanta da ta laftof. A nan ma akwai abin lura: mahaɗin HDMI zuwa VGA gefe ɗaya yake aiki, ba ya juyuwa. Faɗa wa mai shago ƙarara wace kafa ce a laftof, wace ce a monita, kuma idan da hali tafi da laftof ɗin a gwada a gabanka kafin ka biya.

Idan kafa ɗaya gare ka amma USB-C ce mai hoto ko Thunderbolt, abin da kake bukata shi ne dok, wato akwatin da ake jona shi da waya ɗaya ya ba ka HDMI, DisplayPort, kafofin USB, da ta wayar intanet, mai kyau kuma ya riƙa yi wa laftof caji. Ni dai wannan na fi so ga duk wanda ke fita da laftof kullum: ka dawo, ka soka waya ɗaya, komai ya tashi. Duba ƙarfin cajin da yake bayarwa ya kai na cajarka; idan cajarka wat 65 ce, kada ka ɗauki mai ba da ƙasa da haka. Akwai kuma monitocin da ke da DisplayPort biyu, ta shiga da ta fita, waɗanda ake sarƙa su: laftof zuwa na farko, na farko zuwa na biyu. Tsarin sunansa MST, ya zo da DisplayPort 1.2, kuma sai ka kunna shi a saitin monita na farko. Windows na tafiya da shi lafiya, amma Mac ba ya raba allo ta wannan hanya, hoto ɗaya zai maimaita maka.

To wanda HDMI ɗaya kawai gare shi fa, kamar ƙanena? Akwai mafita. Ana samun mahaɗi ko dok mai fasahar DisplayLink, wanda ke tura hoto ta kafar USB ta yau da kullum bayan ka sauke manhajarsa. Jona shi a USB 3.0, wadda cikinta kan zama shuɗi. Da shi masu MacBook M1 suke samun monita na biyu. Gaskiyar magana, don rubutu, lissafi da binciken intanet ba shi da laifi, amma yana ɗora wa kwamfuta nauyi, kuma ba zan ba mai wasan gem shawarar dogaro da shi ba. Ƙanena ya bar monitan kallon bidiyo a kan HDMI, ya mayar da fayiloli da sauran tagogin manhajoji kan na USB, aikinsa ya tafi daidai. Ɗan akwatin can da ya fara saye, sifilita, amfaninsa a gidan kallon ƙwallo ne ko zauren taro, inda ake so kowa ya ga abu ɗaya.

Yanzu jonawa. Yi su ɗaya bayan ɗaya. Kunna monita na farko, jona shi, jira ya kawo, sannan ka ɗauko na biyu; ta haka idan matsala ta taso ka san daga inda take. Danna maɓallin Windows tare da P, zaɓi huɗu za su fito a gefen dama. Duplicate maimaita hoto ne, Extend shi ne abin da muke nema, yana mayar da allunan tebur guda mai faɗi.

Daga nan shiga Settings, System, sannan Display. Za ka ga akwatuna masu lamba 1, 2, 3. Danna Identify, kowane allo zai nuna lambarsa baro-baro. Sai ka ja akwatunan da linzami, wato mouse, ka jera su yadda monitocin suke zaune a kan teburinka. Mutane da yawa suna tsallake wannan, sai ka ga mutum ya tura linzami dama ya ɓullo ta hagu, ya yi ta fama. Idan monita ɗaya ya fi tsawo ko ka ɗora laftof a ƙasansa, jera akwatin haka nan. Zaɓi allon da ka fi fuskanta ka sa alama a Make this my main display. Bar kowane monita a kan ƙimar hoton, wato Display resolution, da aka rubuta wa Recommended, idan rubutu ya yi ƙanana ka ɗaga Scale zuwa 125%, kada ka rage ƙimar hoton don zai dishe. A Mac abin yana System Settings, Displays, Arrange. Wata dabara da nake amfani da ita kullum: Windows da Shift da kibiyar hagu ko dama na cilla taga zuwa ɗaya allon nan take.

Idan monita ya tsaya baƙi yana cewa babu sigina, fara da abu mafi sauƙi. Danna maɓallin jikinsa ka tabbatar yana kan kafar da ka jona, don sau da yawa yana kan VGA ne alhali wayar tana HDMI. Sannan danna Detect, sannan canja waya. Wayar USB-C ta cajin salula yawanci ba ta ɗaukar hoto. Idan hoto na ɗaukewa yana dawowa, danna Windows, Ctrl, Shift da B tare, allon zai ƙyafta, direban hoto, wato manhajar da ke tafiyar da injin hoto, ya farfaɗo. In abin ya ci gaba, sabunta direban. Monita mai 4K da linzami ke jan ƙafa a kansa kuwa, duba ko kafarka HDMI 1.4 ce, don ita 30Hz kawai take bayarwa a 4K, wato sabunta hoto sau 30 a daƙiƙa, sai HDMI 2.0 ke kai 60Hz.

Kar ka manta da wuta. Monita na zamani mai inci 24 kan ci wajen wat 20 zuwa 30, don haka mai amfani da inbata ko ƙaramin sola ya sa wannan a lissafinsa. Laftof yana da batir, monita ba shi da shi. Da an ɗauke wuta tagoginka duk za su taru a allon laftof. Windows 11 na iya mayar da su mazauninsu idan wuta ta dawo, muddin ka sa alama a Remember window locations based on monitor connection, a ƙarƙashin Multiple displays. Idan kuma kana so ka rufe murfin laftof ka yi aiki da monitoci kaɗai, shiga Control Panel, Power Options, Choose what closing the lid does, ka zaɓi Do nothing a ɓangaren da yake jone da caja. Sai dai a lokacin zafi ka ɗora shi a kan abin da zai ɗaga shi daga tebur, ka bar ramukan iskarsa a buɗe, domin tura hoto zuwa allo biyu ko uku na sa shi ɗumi fiye da yadda ka saba.