Yadda za a shirya maganin mako ga tsohon da ke fama da cutar mantuwa

Da farko, tattara duk abin da Baba ko Inna ke sha: na asibiti, na kemis, har da jiƙo da garin magani na gargajiya. Kai su gaban likita ko mai harhaɗa magani ya duba. Wannan matakin ya fi kowanne muhimmanci, domin wasu magungunan da muke raina wa, irin su Piriton da ake sha don mura, suna ƙara wa tsoho ruɗewa.

Sannan rubuta takarda ɗaya: sunan magani, ƙwaya nawa, ƙarfe nawa. Manna ta a bango.

Sayi akwatin magani mai gida 7, ka riƙa cika shi rana ɗaya tsayayya, misali duk Juma'a. Mutum ɗaya ya ɗauki nauyin bayarwa. A gidan yawa, sau da dama 'ya ta ba shi, jika ma ta ba shi, ya sha ninki biyu ba wanda ya sani.

Lokacin bayarwa, haɗa shi da abin da ya saba, kamar bayan sallar Isha'i ko bayan karin kumallo. Zaunar da shi, miƙa masa ruwa, ka tsaya har ya haɗiye. Wasu kan ɓoye ƙwayar a kumatu. In ya ƙi, kada ka yi masa faɗa. Bar shi ya huce, ka dawo bayan ɗan lokaci. Kada ka daka ƙwaya cikin kunu sai ka tambaya, don wasu an yi su ne su narke a hankali.

In an tsallake lokaci, ba a ramawa da biyu. Sauran kwalaben a kulle su inda zafi da yara ba sa kaiwa.