Yadda ake amsa tambaya da “si” a Faransanci

A shekarata ta farko da fara koyon Faransanci, malamarmu ta tsaya a kaina ta ce: “Tu n'as pas fait le devoir ?” Wato ba ka yi aikin gida ba? Ni kuwa na yi, har ga littafin a hannuna. Sai na ce “Non”, ina nufin a'a, ai na yi. Ta girgiza kai, ta sa alama gaban sunana ta wuce.

Hausa ce ta ja mini. Mu idan aka ce “Ba ka zo ba?”, wanda bai zo ba “E” zai ce, wanda ya zo kuma ya ce “A'a, na zo.” A Faransanci kuwa “non” bayan tambayar korewa tabbatar da korewar yake yi, ban yi ba ke nan. In kana son ƙaryata ta, bayan “oui” (e) da “non” (a'a) akwai kalma ta uku, ita ce “si”.

To ga yadda nake yi yanzu. Kafin in buɗe baki, sai in saurari ko akwai kalmar korewa irin “pas”, “jamais” ko “rien” a tambayar. Kada ka tsaya jiran “ne”, ƙaramar kalmar da ke fara korewa a Faransanci, domin a hira haɗiye ta suke yi, “T'as pas compris ?” kawai za ka ji, wato ba ka gane ba? In ka gane, ka ce “Si”. In ba ka gane ba, “Non”. Kafin bakinka ya saba, riƙa ƙarasa jimlar: “Si, j'ai compris.” Ko ka yi tuntuɓe a kalmar farko, sauran za su fitar da kai.

Ba sai tambaya ba ma. Wani ya ce maka “Tu ne m'écoutes pas”, ba ka saurarona, sai ka mayar masa da “Mais si !” Wannan ita na fi so, don akwai ɗan zafin musu a cikinta.

Asalinta “sic” ne na Latin, ma'ana haka ne, tushe ɗaya da “sí” na Sifaniyanci da “sì” na Italiyanci, sai dai su a can kowace irin tambaya suke amsawa da ita. Kada a haɗa ta da “si” mai nufin idan, ta cikin “s'il vous plaît”.

A Kebek ta Kanada kuwa da wuya ka ji ta, “oui” suke cewa abinsu.